Sunan da Suka Sa a Ƙirji

Balsall Heath, Birmingham
Watan Yuni

Zuwa ga yayan Shifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ƙarfin jiki? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ta saba. GP, likitan unguwarmu, ya ce in rage hawa bene, sai ka ce ni na gina gidan. Ƙanwarka Shifa tana gaishe ka, ita ce za ta rubuta sunanka da adireshi a bayan ambulan kamar kullum.

Ka yi haƙuri da rubutun. Malamarmu ta ajin mata ta ce hannuna ya fara zama, amma har yanzu layin gangarawa yake yi. Duk da haka na fi son takarda, don ka san a waya ni da kai ba ma wuce ya gida ya aiki, sai mu yi shiru har wani ya ce sai anjima.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Shifa ta nuna mini hotonka a wayarta. Kana tsaye bakin wani ruwa mai faɗi, kai da abokanka Usama da Nentawe. Su biyun sun sa wasu baƙaƙen kaya masu kama jiki, sun zama kamar tarwaɗa. Kai kuma ga tawul a kafaɗarka, kuma na ga kanka kamar a jiƙe. Na sa ta ƙara girman hoton har fuskarka ta watse. Ta ce yayyafi ne ya taɓa ka. Ban yarda ba.

Me mai sikila yake nema a bakin ruwan ƙasar nan? Ka manta lokacin da makaranta ta kai ku wanka, ka dawo leɓenka ya yi fari, muka ƙare a asibiti? Yanzu babu mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ni kaɗai ce zan zauna da wannan tunani. Ka faɗa mini gaskiya, ka shiga ko ba ka shiga ba? Idan abokai ne suke zuga ka, ka ba ni lambar Usama, na san uwarsa.

Ka riƙa shan ruwa. Ka sa safa.

Ni ce,
Inno

*

Moss Side, Manchester
Watan Yuli

Inno, ranki ya daɗe,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙa, kuma rubutun ya fi nawa kyau, ki tambayi mutanen ofishinmu. Ina lafiya ƙalau, ina shan magani, ina sa safa har a cikin zafin nan. Allah ya sawwaƙe gwiwa.

Wallahi ko ɗan yatsana bai taɓa ruwan nan ba. Ni mai riƙe tawul ne. Bari in yi miki bayani. Akwai wata gasa da ake kira triathlon, abu uku ne a jere ba hutu: a yi iyo a tafki, a fito a hau keke a yi tafiya mai nisa, a sauka a kama gudu. Su Usama ne za su shiga, a watan Satumba. Usama dai kin san shi, ƙarfi gare shi kamar doki. Nentawe ne abin tausayi. Mutumin da ya taso a Jos bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, bara ya fara koyon iyo tare da yara 'yan firamare. Kullum sai ya sha rabin tafkin kafin ya fito, ya ce mini, “Bara'u, idan na mutu ka gaya wa matata kai ne sanadi.”

Kuma da gaskiyarsa. Kin tuna kwanciyar da na yi da sanyin bara, da aka daɗe ana neman jinin da zai dace da nawa? Su biyun suna wurin. Likita ya gaya musu jinin mutanenmu baƙar fata ne ya fi dacewa da mu, amma mutanenmu ba su cika zuwa bayarwa ba. Tun daga ranar suka ɗauki abin a kansu. Za su yi gasar nan ne don a ji labari, a fito a ba da jini. Har riguna suka buga.

Aikina a ciki shi ne ihu. Kada ki raina shi, Inno. Wanda ya yi awanni yana wahala, idan ya ji an kira suna daga gefen hanya, sai ƙafa ta dawo masa. Na je na duba hanyar, akwai wani tudu kusa da ƙarshe, nesa da inda ake ajiye motoci, 'yan kallo ba sa zuwa can. Nan ne mutane suke karaya. Na yi wa Nentawe alkawari a nan zai same ni.

Albishirinki, a bayan garin Birmingham za a yi. Zan sauka a gida, ki tanadi miyar kuka. Kuma ina so ki zo ki tsaya tare da ni. Matsala ɗaya ce: sunana suka rubuta a ƙirjin rigunan, da manyan baƙaƙe, shi za a yi ta kira. Sunan nan da ba kya faɗa. Ko za mu sa a buga miki ta musamman mai “yayan Shifa”?

Ɗanki,
Bara'u

*

Balsall Heath
Watan Yuli

Zuwa ga yayan Shifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, an yi mana kwana biyu na zafi har na buɗe taga.

Na ji daɗi da ba ka shiga ruwa ba. Allah ya saka wa yaran nan da alheri, ya ba su ikon gamawa lafiya. Amma tsayuwar da kake shirin yi ba ta kwanta mini ba. Satumba a kan tudu, ga iska, ga yayyafi, tun safe har la'asar? Wanda ke gudu jikinsa da ɗumi. Kai da ke tsaye fa? Ka nemi wani ya tsaya.

Sai maganar da ka rufe wasiƙarka da ita. Na san wasa kake yi, amma na karanta ta ya fi a ƙirga. Ba yau ka fara yi mini wannan wasan ba.

Kai ne ɗan fari. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yaba shi. Haka uwata ta yi wa yayana har ta bar duniya, kuma duk garin an san babu wanda take so kamarsa. Ranar da aka raɗa maka suna a Azare, Goggo ta zaunar da ni ta ce, wannan na mutane ne, ki kame bakinki. Na kame. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Ku da kuka taso a nan kuna ganin sai abin da aka faɗa da baki ne gaskiya. To ni ban iya haka ba. Wa ya goya ka a layin asibiti? Wa ke dama maka kunu idan ba ka iya haɗiyar komai?

Ina mace mai jikoki a wajen 'yan uwa, in je in tsaya bakin titi ina ihu kamar an yi mini sata, kuma sunan da zan kira ke nan? A'a. Zan yi muku abinci, ku zo ku ci, har da matar Nentawe. Wannan shi ne nawa.

Ka sake tunani a kan tudun nan.

Ni ce,
Inno

*

Balsall Heath
Ƙarshen Agusta

Zuwa ga yayan Shifa,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa?

Na rubuto maka tun wancan watan, shiru. Kullum idan na ji ƙarar ramin wasiƙa sai in sauko da gwiwar nan, in tarar da takardun council, hukumar garin nan, da na masu sayar da pizza. Na kira wayarka, wata Baturiya ce take amsawa ta ce in bar saƙo. Shifa ta ce kana turo mata cewa aiki ne ya yi yawa, amma idan tana faɗa ba ta kallon idona.

Abu biyu nake tunani, ban san wanda ya fi tsorata ni ba. Ko dai maganata ce ta ɓata maka rai, ko kuma jikin ne. Idan fushi ne, ka yi fushin amma ka rubuto layi ɗaya. Idan jiki ne, ba ka da ikon ɓoye mini.

Na yi maka dambun nama, yana nan a roba, na hana Shifa taɓawa. Idan ban ji daga gare ka ba, zan hau bas in zo Manchester. Yanzu ina karanta allon tasha da kaina, ba mai ɓatar da ni.

Inno

*

Daga asibiti, Manchester
Satumba

Inno,

Ki gafarce ni. Jikin ne. Kada ki tashi tsaye, ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Ciwon ya taso mini a ƙirji, aka kwantar da ni. Ba ruwa ba ne, ba sanyi ba ne, haka kawai ya zo kamar yadda ya saba. An ƙara mini jini, yanzu ina numfashi da kaina, ina cin abinci, har ina faɗa da nas a kan shayinsu. Ni na roƙi Shifa ta yi shiru, kada ki ga laifinta. Ki yi haƙuri da rubutun, allurar ƙarin ruwa tana hannun dama.

Gasar ranar Lahadin nan ce, kuma likita ta ce ko ƙofar asibiti ba zan leƙa ba. Na san yanzu kina neman mayafinki ki taho. Don Allah kada ki zo tukuna. Nan akwai masu kula da ni. Tudun can ne babu kowa.

Nentawe ya zo jiya ya zauna a bakin gadona, ya ce shi ya fasa. Ya ce dama don ya san zan tsaya a can ne yake ganin zai iya. Na ce masa akwai wanda zai tsaya a madadina. Ya ce wa? Na ce sai ka gani. Inno, ban da kowa a raina sai ke. Shifa za ta kai ki, ta san wurin.

Doka ɗaya ce, ki riƙe ta sosai: ba a miƙa wa ɗan gasa komai daga gefen hanya. Ko ruwa, ko dabino. Ba a kama masa hannu. Idan kika ba shi wani abu ya karɓa, za a cire shi, wahalar shekara ta tashi a banza. Murya kaɗai aka yarda da ita.

Kin ce ba ƙi ba ne, kunya ce. Na sani, na daɗe da sani. Amma tunda takarda ce, bari in faɗa. Ina yaro, a wani ɗakin asibiti irin wannan, nas ta tambaye ki sunana. Kika buɗe jaka kika miƙa mata kati. Yaron da ke gadon kusa da ni, uwarsa tana ta kiran sunansa tana shafa masa kai. Na juya wajen bango. Ban taɓa shakkar kunun ba, Inno. Kawai dai na so in ji yadda yake fita a bakinki.

Ban ce ki kira shi ranar Lahadi ba. Ki tsaya kawai, Nentawe ya ga fuskar gida.

Bara'u

*

Balsall Heath
Lahadi da yamma

Assalamu alaikum.

Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Maganar ɓoye mini da kuka yi kai da ƙanwarka tana nan, ban yafe ba tukuna, na ajiye ta sai ka warke.

Na je.

Tun da safe Shifa ta kai ni bakin tafkin. Mutane kamar ranar kasuwa, da karnukansu da ƙararrawa a hannu. Aka busa wani abu, sai na ga jama'a sun afka ruwa gaba ɗaya, kawuna kawai kake gani da hannuwa, ba ka san naka ba. Na kama ƙarfen shinge ina ta salati. Usama ya fito da wuri, yana tafe yana tuɓe baƙar rigar. Aka yi ta fitowa, aka yi ta fitowa, ruwan ya kusa zama fayau, babu Nentawe. Na ce wa Shifa ta je ta gaya wa masu ƙananan jiragen ceto da ke kan ruwan akwai ɗan mutane a ciki. Ta ce in kwantar da hankalina. Can sai ga shi yana rarrafe a bakin gaɓa, yana tari. Ya miƙe. Da ya tuɓe baƙar rigar, a nan na ga ta ciki, da abin da aka rubuta a ƙirjinta. Na karanta da kaina, ba wanda ya karanta mini.

Da suka tafi a kan kekuna muka kama hanyar tudunka. Ka yi gaskiya, da nisa, gwiwata ta gaya mini. Ba mu tarar da kowa ba sai wata tsohuwar Baturiya da kujerarta da ƙararrawa, da wani ma'aikacin gasar mai rigar ruwan ɗorawa. Tsohuwar nan duk wanda ya zo wucewa sai ta karanta abin da ke rigarsa ta kwarma masa kira. Na ce a raina, wannan ba ta da kunya. Amma na lura duk wanda ta kira sai ya ɗaga kai.

Zan faɗa maka, na tafi da kunun aya a jaka. Na san ka hana. Na ce ko da wani abu.

Usama ya zo ya wuce, ya gan ni ya buɗe baki, ya ce, “Inno! Ke ce?” Har ya so ya rusuna yana gudu. Na ce masa sannu, Allah ya yi albarka. Wannan bai yi wuya ba.

Sai jira. Aka fara yayyafi. Masu wucewa suka ragu, daga masu gudu aka koma masu tafiya, daga nan sai hanya ta zama wayam. Shifa ta ce akwai lokacin da ake rufewa, wanda bai kai ba an cire shi, kuma ya matso. Ma'aikacin ya fara tattara alamun hanya.

Can ƙasan tudu sai ga Nentawe. Ba gudu yake ba, ba tafiya ba, jan ƙafa yake yi. Ya hau rabi, ya tsaya daidai inda muke, ya dafa gwiwoyinsa. Fuskarsa ta yi toka-toka, irin yadda taka take yi. Na ce, “Nentawe, sannu. Sannu ɗana.” Ya ɗago ya gan ni, ya gane wanda ka turo, sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Mama, ku yi haƙuri. Ku ce masa na yi ƙoƙari.” Ya fara neman wurin zama a bakin hanya.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba. Na fito da gorar kunun, har na miƙa. Shifa ta riƙe mini hannu da ƙarfi ta ce, “Mum, no! Za su cire shi!” Ma'aikacin yana kallonmu. Na tsaya da gora a hannu. Duk abin da na iya yi wa mutum a duniya, in ba shi ya ci, in ba shi ya sha, in riƙe shi, an ce babu. Sannun ma da na yi masa, sai na ga kamar ita ce take zaunar da shi.

Ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, sunan yana hawa yana sauka tare da shi. Sai na tuna yaron da ya juya wajen bango. Ban san ka juya ba a ranar. Ina can ina neman kati.

Na ajiye gorar a ƙasa. Na kira sunan nan, naka.

Na farko bai fita sosai ba, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na biyu kuwa har karen tsohuwar ya yi haushi. Na ce, “Tashi! Ba sunanka ne a rigar nan ba, sunan ɗana ne, ba za ka zaunar mini da shi a bakin titi ba!” Na sake kira. Tsohuwar ta kama, tana faɗa yadda bakinta ya iya, tana kaɗa ƙararrawa. Shifa tana kuka tana kira. Ni har guɗa na rangaɗa, wadda rabona da ita tun muna Azare.

Nentawe ya dube ni kamar ya ga aljani. Ya ce, “Mama, kin faɗa fa.” Na ce, “Na faɗa, wuce ka ba ni wuri!” Ya yi wata dariya mai haɗe da tari, ya miƙe, ya kama tudun. Ina binsa ta gefen shinge da gwiwar nan, ina kira, har ya ɓace a kwana.

Ya kai. Shi ne na biyun ƙarshe, akwai wani dattijo a bayansa. Sun zo gida shi da matarsa da Usama, sun cinye miyar kukarka, kunun ayar ma a nan ya sha shi. Usama ya ce mutane da dama sun tsaya a rumfar da suka kafa a wurin gasar sun ba da suna za su je ba da jini.

A mota Shifa take gaya mini wai tun da Nentawe ya ɓullo ta kira ka, wayar tana kunne a hannunta, kana ciki. Ban sani ba. Ban tambaye ta abin da ka ce ba, kuma kada ka gaya mini. Idan ka ji, to ka ji.

Gobe zan hau bas in zo, da dambun naman. Na san idan na zauna a gabanka ba zan wuce ya jiki ba, shi ya sa na rubuta. Zan ajiye maka wannan a kan durowa, kada ka buɗe sai na fita. Kuma kada ka sa rai zan riƙa yi kullum, muryata ma ta dushe.

Ka duba bayan ambulan ɗin. Ba hannun Shifa ba ne.

Mahaifiyarka,
Inno